Zangon Tafkin Jenny: Kwanan tanti a gindin duwatsun Teton da rigimar da ke bayansa

Zangon Tafkin Jenny ƙaramin sansanin kwana ne a cikin Gandun Dajin Ƙasa na Grand Teton, a arewa maso yammacin jihar Wyoming ta Amurka. Filaye kusan 50 ne a cikinsa na masu zuwa da mota, sai wasu 10 da aka ware wa masu zuwa a ƙasa ko a kan keke. Babu ɗakin kwana, babu wutar lantarki a filayen, kuma ba a karɓar manyan motocin nan masu gado da madafa da Amurkawa ke yawon hutu da su. Tanti kawai ake kafawa. Ana buɗe zangon a watan Mayu, a rufe shi a ƙarshen Satumba, kuma babu wanda ake bari ya wuce kwana bakwai.

Gandun da yake ciki yana karɓar baƙi sama da miliyan uku a shekara, a 2021 ma sun kusa kai miliyan 3.9. Ƙasar mallakar gwamnatin tarayya ce, wato a doka ta kowane ɗan ƙasa ce. Amma tana cikin gundumar Teton, wadda ta daɗe tana kan gaba a duk faɗin Amurka wajen yawan kuɗin shiga idan aka raba da yawan mazauna. Otal mafi kusa da tafkin na karɓar ɗaruruwan daloli a dare guda. Ga malamin makaranta ko direban babbar mota da ke son 'ya'yansa su farka su ga waɗannan duwatsu, filin tanti shi ne ƙofa mafi araha. Shi ya sa batun wanda ke samun waɗannan 'yan filaye, da yadda yake samun su, ya wuce zancen yawon shaƙatawa.

Tafkin da duwatsunsa

Tafkin Jenny na kwance a tsayin mita 2,067 daga matakin teku, wato ya ɗara birnin Jos tsayi da kusan mita 800. Faɗinsa bai kai hekta 500 ba. Ƙanƙara ce ta haƙa shi: kimanin shekara 12,000 da suka wuce, wani daskararren kogin ƙanƙara ya gangaro daga kwazazzabon Cascade yana tura duwatsu da tsakuwa a gabansa. Da ya narke, tarkacen da ya tara ya zama ganuwa, ruwa ya taru a bayanta. A kan wannan ganuwa, wadda dogayen itatuwa masu ganye kamar allura suka rufe, aka kafa zangon.

Abin da ya fitar da duwatsun Teton daban shi ne ba su da ƙananan tuddai a gabansu. Daga shimfiɗaɗɗen kwari suke miƙewa kai tsaye, sama da mita 2,000. Dutsen Teewinot mai mita 3,758 shi ne ke tsaye a kan tafkin, babban wansu Grand Teton mai mita 4,199 yana bayansa. Da yake fuskarsu gabas take kallo, hasken rana na fara sauka a kan ƙololuwarsu tun zangon yana cikin duhu.

Yini guda a zango

Kowane fili yana da teburin katako mai benci, da murhun ƙarfe da aka kafe a ƙasa, da wurin kafa tanti, da akwatin ƙarfe na ajiyar abinci. Mota ɗaya aka yarda, tanti biyu, mutum shida. Ruwan sha daga famfo ake ɗebowa, bayan gida kuma na kowa ne. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe doka ta hana hayaniya.

Sanyi ne ke tada mutane. Ko a tsakiyar bazara, da asuba yanayi kan sauko kusa da matakin daskarewar ruwa, don haka ƙarar farko da ake ji ita ce ta ƙananan rishon gas da ake ɗora ruwan shayi ko kofi. Masu kwana a zangon suna da wata fa'ida da sauran baƙi ba su da ita: kafin hantsi filin ajiye motoci na bakin tafkin ya cika, motoci sun yi jerin gwano a gefen titi, su kuwa tafiyar 'yan mintoci ce a ƙasa ke kai su mashigar jirgi.

Jirgin ruwan fasinja yana tsallaka tafkin cikin minti goma da 'yan kai. Daga ɗaya gaɓar, tafiyar kusan mita 800 ce zuwa Hidden Falls, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kimanin mita 30, sai a ƙara hawa zuwa Inspiration Point, wani dandamalin dutse da ake hango tafkin da kwarin gaba ɗaya. Yawancin baƙi a nan suke juyawa. Masu ƙarfin ƙafa sukan zarce cikin kwazazzabon Cascade, inda jama'a ke raguwa da kowane kilomita. Wanda ba ya son biyan kuɗin jirgi yana iya bin hanyar ƙafa da ta kewaye tafkin, mai tsawon kilomita 11 zuwa 12. Ba a yarda da kare a waɗannan hanyoyi ba, haka ma ƙananan jiragen nan marasa matuƙi da ake ɗaukar hoto da su, waɗanda aka haramta a gandayen ƙasa na Amurka tun 2014.

A kan ruwan ma akwai ƙa'ida. Injin jirgi bai wuce ƙarfin doki 10 ba, saboda haka kwale-kwale ne suka fi yawa. Kowane jirgi sai ya sami izinin gandu, sai kuma an duba shi don kada ya shigo da wasu ƙananan halittun ruwa masu ɓawo da suka mamaye tafkuna da dama a Amurka, suna toshe bututu, suna cinye abincin kifi. Mai kamun kifi sai ya yanki lasisin jihar Wyoming. Ana iya wanka, sai dai ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, ba kowa ke jure shi ba. Iyalai masu yara sun fi tafiya Tafkin String da ke kusa, wanda ba shi da zurfi, rana kuma takan ɗan gasa shi.

A watannin Yuli da Agusta, hadari kan taso bayan azahar da tsawa da walƙiya. Masu hawan dutse sun san haka, shi ya sa suke tashi tun cikin dare don su sauko daga ƙololuwa kafin rana ta karkata. Ranar 21 ga Yulin 2010 tsawa ta rutsa da mahaya 17 a kan Grand Teton. Ɗaya ya mutu, sauran 16 kuwa jami'an ceto na gandun ne suka sauko da su, da taimakon jirage masu saukar ungulu. Ofishin waɗannan jami'ai yana daf da zangon, a wani tsohon ɗakin gungume, kuma sunan tafkin suke amsawa.

Da yamma ake komawa kan murhu, idan fari bai sa hukuma ta hana hura wuta ba. Sauro na da nasa lokacin a farkon bazara. Kafin a kwanta kuwa akwai aiki guda da babu wanda ke tsallakewa.

Akwatin ƙarfe

Beyar iri biyu ke yawo a wannan daji: baƙa, da babbar nan mai doro da ake kira grizili. Hancinta ya fi na kare kaifi. Saboda haka duk abin da ke da ƙanshi ko wari, daga abinci da tukwane da kwanuka zuwa sabulu, man goge baki, man shafawa da shara, dole ne a kulle shi a akwatin ƙarfe ko a cikin mota idan ba a amfani da shi, dare ko rana. Ba a shiga tanti da ko alawa guda. Wanda ya bar kayan abinci a tebur ya tafi yawo na iya dawowa ya tarar jami'ai sun kwashe su, sun bar masa takardar tara.

Baƙo kan ɗauka cewa don kare shi aka yi dokar. Gaskiya ne, amma beyar ta fi shi cin moriyarta. Wadda ta ɗanɗana abincin mutane sau ɗaya takan dawo, ta daina tsoro, ta fara kutsawa cikin tantuna, ƙarshenta kuma a kama ta a kashe. Doka ta ce a tsaya aƙalla mita 91 daga beyar ko kyarkeci, mita 23 daga sauran namun daji, ciki har da wata ƙatuwar dabba dangin barewa mai faffaɗan ƙaho da ke son bakin ruwa, wadda ake kira mus. Ana kuma shawartar masu tafiya su riƙe gwangwanin feshin barkono na musamman, su riƙa yin magana da ƙarfi a inda ba sa hango gaba.

Beyar da ta fi shahara a yankin ita ce wadda masu bincike suka sa wa lamba 399. Ta haifi 'ya'ya aƙalla 18, a 2020 ta fito da huɗu a lokaci guda, masu ɗaukar hoto suka riƙa kwana a gefen titi don su gan ta. Mota ce ta kashe ta ranar 22 ga Oktoban 2024, a kudancin garin Jackson, wajen iyakar gandun, tana da shekara 28.

Wace ce Jenny

Mutane sun fi shekara 11,000 suna shigowa wannan kwari da bazara don farauta da tsintar saiwoyi da 'ya'yan itace. Hukumar gandun ta lissafa ƙabilu 24 na 'yan asalin ƙasar da ke da alaƙa da wurin, cikinsu har da Shoshone da Bannock.

Jenny 'yar ƙabilar Shoshone ce, matar wani maharbi haifaffen Ingila mai suna Richard Leigh. A 1872 shi da iyalinsa suka taimaka wa tawagar safiyo ta gwamnati ƙarƙashin Ferdinand Hayden, sai 'yan tawagar suka raɗa wa wannan tafki sunanta, wani da ke arewa da shi kuma sunan mijin. Bayan shekara huɗu, a ƙarshen 1876, cutar agana ta kashe ta tare da 'ya'yansu shida.

Sunanta ya zauna a taswira, amma danginta an tura su yankunan da gwamnati ta keɓe. Yarjejeniyar Fort Bridger ta 1868 ta ba su damar ci gaba da farauta a filayen da babu mai zama. A 1895 Turawan da suka zauna a kwarin suka kama wasu mafarautan Bannock, suka harbe mutum guda har lahira. Shekara guda bayan haka Kotun Ƙoli ta yanke cewa zaman Wyoming jiha a 1890 ya shafe wannan haƙƙi. Sai a 2019, a wata shari'a ta ɗan ƙabilar Crow, kotun ta yi watsi da wannan hujja. Shekara 123 ke nan tsakani.

Attajirin da ya saya a ɓoye

Kafin 1929 bakin hanyar Tafkin Jenny ya fara cika da rumfunan sayar da abinci, allunan talla da gidan rawa. A 1926 shugaban gandun Yellowstone, Horace Albright, ya zagaya da John D. Rockefeller ƙarami, magajin dukiyar man fetur, ya nuna masa kwarin. Shekara guda bayan haka aka kafa wani kamfani mai suna Snake River Land Company, ya shiga sayen gonaki da wuraren kiwo ba tare da masu sayarwa sun san kuɗin wane ne ba. Ya tara eka kusan 35,000. Da asiri ya tonu a 1930, mutanen yankin suka ce an yaudare su, har wani kwamitin Majalisar Dattawa ya zo ya yi zaman bincike a 1933.

Gandun farko da majalisa ta kafa a 1929 duwatsun kawai ya ƙunsa da tafkunan da ke gindinsu, har da Jenny. A shekarun 1930, matasa marasa aikin yi da gwamnatin Franklin Roosevelt ta ɗauka a shirinta na farfaɗo da tattalin arziki sun kafa sansani kusa da tafkin, suka yi aikin hanyoyin ƙafa da wasu gine-gine. Kwarin kuwa majalisa ta ƙi karɓarsa kyauta daga hannun Rockefeller fiye da shekara goma, saboda adawar makiyaya da 'yan siyasar jihar. Da ya gaji ya yi barazanar sayar da filin, Roosevelt ya yi amfani da wata dokar 1906 da ta bai wa shugaban ƙasa ikon keɓe wuri da sa hannunsa kaɗai, ya keɓe eka 221,000 a watan Maris na 1943.

Makiyaya suka ɗauki bindigogi, suka kora ɗaruruwan shanu ta tsakiyar filin don nuna ƙin amincewa, tare da wani ɗan wasan fim mai suna Wallace Beery. Cikinsu akwai Clifford Hansen, wanda daga baya ya zama gwamnan jihar kuma sanata, ya kuma fito fili ya ce ya yi kuskure. Majalisa ta zartar da ƙudurin soke matakin, Roosevelt ya ƙi sa hannu. A 1950 aka yi sulhu, aka haɗe filayen suka zama gandun da ake gani yau mai eka kusan 310,000. Farashin sulhun yana nan a doka: an bar wasu iyalai su ci gaba da kiwo, an yarda a riƙa harbin wasu barewa a cikin gandun idan sun yi yawa, kuma an cire wa shugaban ƙasa ikon sake keɓe wani wuri a Wyoming ba tare da majalisa ba.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin kyautar mai kuɗi ga talakawa, kuma babu shakka da ba a saya ba da yau gidajen alfarma ne a wurin. Amma hanyar da aka bi, wato a ɓoye wa mai gona sunan mai saye don kada ya tsauwala farashi, ita ce ta sa har yau wasu mutanen jihar ke kallon duk wani shirin kare daji da ya fito daga babban birnin tarayya da ido ɗaya.

Daga layin asuba zuwa layin intanet

Shekara da shekaru tsarin zangon shi ne wanda ya riga zuwa shi ke samu. Motoci kan yi layi tun kafin gari ya waye suna jiran wani ya naɗe tantinsa, kuma a tsakiyar bazara kafin ƙarfe 9 na safe an gama rabon. Tsarin na da wahala: iyali na iya tuƙin kwana biyu su iso su rasa wuri. A 2021 hukumar gandun ta mayar da dukkan zangunanta kan tsarin kama wuri ta shafin Recreation.gov, wata shida kafin ranar zuwa. Layin motoci ya ɓace. Filayen watan Yuli kuwa sukan ƙare cikin ɗan lokaci bayan an buɗe su a watan Janairu.

Sabon tsarin ya fi dacewa da wanda ya san ranar hutunsa wata shida gaba, yana da intanet mai sauri da katin banki, yana kuma iya zama gaban kwamfuta a daidai lokacin da ake buɗewa. Mai aikin da ake sauya masa lokacin aiki kowane mako ba ya cikin wannan sahu. A 2022 masu bincike ƙarƙashin jagorancin wani malamin Jami'ar Montana sun bi bayanan wayoyin salula a wasu zanguna na gandayen ƙasa, suka gano cewa masu kwana a filayen da ake kamawa ta intanet sun fito ne daga unguwannin da suka fi kuɗin shiga, idan aka kwatanta da masu kwana a filayen da ake bin layi. Shafin kansa ba ma'aikatan gwamnati ke tafiyar da shi ba. Kwangila ce a hannun kamfanin Booz Allen Hamilton, wanda ke samun kuɗinsa daga cajin da ake ɗora wa masu amfani da shafin. Zangon ma wani kamfani ne mai zaman kansa ke kula da shi bisa kwangila da hukumar.

Masu share bayan gida da masu tuƙa jirgi da masu sayarwa a kanti suna da tasu matsalar. Kashi 97 cikin ɗari na ƙasar gundumar Teton ta gwamnati ce, ɗan abin da ya rage kuma attajirai sun saye, don haka ma'aikata da yawa a garuruwan jihar Idaho suke kwana, suna tsallako dutse kowace safiya. Da wani ɓangare na wannan hanya ya zaftare a watan Yunin 2024, tafiyar da ba ta kai awa guda ba ta ninka, har aka buɗe hanyar wucin gadi bayan mako uku.

Wa ke biya

Aikin gyaran hanyoyin ƙafa da dandamalin bakin Tafkin Jenny, wanda aka kammala a 2019, ya ci sama da dala miliyan 20, kuma kaso mafi tsoka gudummawa ce da wata gidauniya mai tallafa wa gandun ta tara. A ƙarshen 2024 an sake ganin irin haka, lokacin da gwamnatin tarayya ta sayi wani fili mai eka 640 da ke gefen gandun daga hannun jihar Wyoming a kan dala miliyan 100, bayan jihar ta yi tunanin yin gwanjonsa. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin daga masu ba da gudummawa ya fito. Kusan shekara ɗari bayan Rockefeller, gandun bai daina dogaro da aljihun masu hannu da shuni ba, a daidai lokacin da ayyukan gyara da suka taru wa hukumar gandayen ƙasa suka haura dala biliyan 20. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta sallami sababbin ma'aikatan hukumar kusan 1,000, matakin da aka ƙalubalanta a kotu.

Kuɗin shiga gandun dala 35 ne ga mota guda na kwana bakwai, ban da kuɗin filin tanti. Daga Janairun 2026 an ƙara wa baƙin da ba mazauna Amurka ba dala 100 a kan kowane baligi a gandaye 11 da suka fi karɓar jama'a, Grand Teton na cikinsu.

Bayan an rufe zangon a ƙarshen Satumba ana kashe famfunan ruwa don kada bututu su daskare su fashe. Ranar 1 ga Nuwamba ake rufe titin da ya bi ta gefen tafkin, ba a sake buɗe wa motoci sai 1 ga Mayu. Dusar ƙanƙara takan binne teburan da akwatunan ƙarfe, tafkin ya daskare, masu sulu da sanduna su riƙa wucewa ta kan titin. A cikin wannan watan na Nuwamba ne shafin intanet ke fara karɓar sunayen masu neman filin watan Mayu mai zuwa.